Lamunin Abokin Takara: Zaɓen 1979 da na 1993 a Karkarar Kano ta Arewa

Tun da aka fara zaɓe a ƙasar nan, masu rubuta tarihi sun fi mai da hankali ga wanda ya ci da wanda ya faɗi. Mutumin nan na biyu, wanda ake manna hotonsa kusa da na mai neman shugabanci, ba safai akan tsaya a tambayi abin da ya ɗaukar wa jama'a ba, balle a bincika ko ya cika. Nufin wannan takarda shi ne a duba gaskiyar irin wannan mutum, watau mai neman kujerar mataimakin shugaban ƙasa, a kuma auna ta da mudun mutanen da aka je neman ƙuri'arsu a karkarar da ke arewa da birnin Kano, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi, daga Minjibir zuwa Dambatta. Zaɓe biyu za mu ɗauka, na 1979 da na 1993, amma a kan na biyun za mu fi daɗewa.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin ƙasar. Wanda ya fita Kano ta Ƙofar Ruwa ko ta Ƙofar Mazugal, ya miƙi hanyar Katsina ko ta Daura, zai yi tafiya mai nisa bai ga daji ba. Gona ce ke bin gona, ba a bar saura ba, kuma iyakar wannan da ta wancan ba ta wuce layin gamba ba. Gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya suna tsaye cikin gonaki, kowace bishiya da mai ita. Ƙasar jigawa ce wadda ba ta hutawa, taki ne ke riƙe da ita, shekara da shekaru jakuna na kai itace birni suna komowa da mangala cike da shi. Wannan cunkoso shi ne Mortimore da Wilson na Jami'ar Ahmadu Bello suka yi bincike a kansa suka buga a 1965. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ce ke biyan haraji a wannan yanki, har farin 1972 zuwa 1974 da cutar gyaɗa ta 1975 suka karya ta. A inda ƙasa ta yi ƙaranci haka, gado yana ta rarrabuwa, jingina da aro da hayar gona sun zama ruwan dare, to, ba abin da ya fi shaida da lamuni daraja. Mutumin da gonarsa ba ta fi ya nome shi da 'ya'yansa cikin 'yan kwanaki ba, lalle ba ya wasa da maganar wanda ya tsaya wa wani.

A kasuwa ma haka abin yake. Baƙo ya kawo sa kasuwar Dambatta, mai saye bai san shi ba, bai san garinsu ba. Abin da ya sani shi ne dillali. Dillalin ne zai shiga tsakani, ya yabi san, ya sasanta ciniki, a yi sallama, ya karɓi la'adarsa. In daga baya ta bayyana san na sata ne, ba baƙon za a nema ba, gama ya riga ya yi nisa. Dillalin za a riƙe. Saboda haka ba a sanin gaskiyar dillali sa'ad da kasuwa ke ci, domin a lokacin kowa bakinsa da zaƙi. Sai kasuwa ta watse, magana ta taso, a je ƙofar gidansa a yi sallama, a ga ko zai fito. A ganina, aikin abokin takara cikin siyasar Nijeriya bai bambanta da wannan ba.

A Jamhuriya ta Farko ba mu da wannan kujera. Tsarin mulkin 1979 ne ya kawo ta, sa'ad da aka bar tsarin Ingila aka ɗauki irin na Amurka. Tsarin ya wajabta wa mai neman shugabanci ya tsai da abokin takara, ya kuma ce ba zai ci ba sai ya fi kowa ƙuri'a, sa'an nan ya sami kashi ɗaya cikin huɗu a biyu bisa ukun jihohi. Watau tun daga tushe an yi kujerar ne domin a kai mutum inda ba a san shi ba. Alhaji Shehu Shagari ya ɗauki Dokta Alex Ekwueme daga Anambra. Dokta Azikiwe ya ɗauki Farfesa Ishaya Audu, mutumin ƙasar Zazzau, tsohon shugaban Jami'ar Ahmadu Bello. Cif Awolowo ya ɗauki Philip Umeadi, su biyu duk 'yan Kudu. Malam Aminu Kano kuwa ya ɗauki sakataren jam'iyyarsa ta PRP, Samuel Ikoku, mutumin Arochukwu.

Ikoku ba ƙaramin mutum ba ne. A 1957 ya tsaya takarar majalisar Jihar Gabas ya ka da mahaifinsa, Alvan Ikoku, wanda a shekarar nan ta 1979 aka sa hotonsa jikin takardar naira goma. Ashe manomin da ya sayar da buhun gero a Bichi cikin daminar nan, uban yana aljihunsa, ɗan kuwa yana jikin takardar da aka manna a bangon kasuwa. Ikoku ya gudu Gana lokacin shari'ar cin amanar ƙasa da aka yi wa Awolowo da mutanensa, ya yi aiki tare da Nkrumah, ya kuma shahara da ra'ayin gurguzu. Amma duk wannan bai shafi mutumin Kunchi ko na Tsanyawa ba. Su Malam suka sani. Tun ran 8 ga Agusta 1950 da aka kafa NEPU, da ɗan wannan yanki cikin mutum takwas na farko, watau Magaji Dambatta, kuma iyayen masu jefa ƙuri'a a 1979 su ne suka sha ɗauri da tara a kotunan En'e saboda halartar lacca. Nan lamunin ya juye: maimakon abokin takara ya tsaya wa shugaba, shugaban ne ya tsaya wa abokin takara.

Maganar gaskiya da ta tashi a zaɓen nan a kan Malam kansa ta faɗa. Hukumar zaɓe ta ƙi amincewa da takararsa, da ta Azikiwe, bisa zargin rashin cika ƙa'idar biyan haraji, sai kotu ce ta wanke shi ana saura kwanaki kaɗan a jefa ƙuri'a. Ran 11 ga Agusta aka yi zaɓen. Malam ya sami ƙuri'a 1,732,113 a ƙasa duka, fiye da rabinsu daga Jihar Kano, wadda a lokacin ta haɗa da Jigawa ta yanzu. Abin da Ikoku ya kawo daga jiharsu ta Imo bai taka kara ya karya ba. Shagari ya cika sharaɗin kashi ɗaya cikin huɗu a jiha 12 daga cikin 19, amma a Kano ƙuri'a 243,423 ya samu daga cikin 1,220,763, watau bai ko cika ɗaya cikin biyar ba. Lauyansa Richard Akinjide ya kawo hujjar cewa biyu bisa ukun 19 shi ne 12 da biyu bisa uku, don haka rubu'in biyu bisa ukun ƙuri'un Kano kaɗai ake bukata. Kotun Ƙoli ta yarda ran 26 ga Satumba 1979. Da ƙuri'un manoman Kano aka yi wannan lissafi, ba a tambaye su ba.

Kafin Jamhuriya ta Biyu ta faɗi, Ikoku ya bar PRP ya koma gefen Shagari, daga baya kuma ya yi wa gwamnatin Abacha aiki cikin kwamitin shirin miƙa mulki. A Kano ba a yi masa wani dogon kuka ba, domin ba da bakinsa aka yi ciniki ba, hankalin jama'a kuma yana kan faɗan Santsi da Taɓo. Abin da ya zauna a zukatan mutanen karkara daga wannan zamani shi ne wani abu dabam. PRP ta yi yawon lacca tana cewa za ta soke haraji da jangali, Muhammadu Abubakar Rimi kuwa da hawansa gwamna a Oktoba 1979 ya soke su. Wanda bai taɓa ganin dagaci ya tsare magidanci a rana saboda kuɗin haraji ba, ba zai gane girman wannan al'amari ba. Daga ran nan manomi ya san ashe alkawarin lacca yana iya cika, ya kuwa sami mudun da zai riƙa auna waɗanda za su zo daga baya. Sun kuma ga da idonsu cewa mataimaki ba ado ba ne, gama a Mayu 1983, da Rimi ya sauka domin ya yi takara a NPP, mataimakinsa Alhaji Abdu Dawakin Tofa, ɗan wannan yanki, shi ya gaji kujerar.

To, mu zo 1993. Janar Babangida ya ƙirƙiri jam'iyyu biyu da kansa, SDP mai alamar doki da NRC mai alamar mikiya, ya gina musu ofisoshi, ya rubuta musu manufa. A ƙarshen 1992 ya soke zaɓen fid da gwani, ya hana mutum 23 takara, cikinsu har da Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa. Da aka sake sabon lale, a watan Maris 1993 NRC ta tsai da Alhaji Bashir Usman Tofa a Fatakwal, SDP kuma ta tsai da Alhaji Moshood Abiola a Jos. Bashir Tofa ba baƙo ba ne a ƙasar da muke magana. A Kano aka haife shi a 1947, siyasarsa kuma daga kujerar kansila a Dawakin Tofa ta faro a 1976, kafin ya je majalisar tsara tsarin mulki a 1977. Masu nazarin Hausa sun san shi ta wata fuska, domin daga baya ya wallafa littattafai da dama cikin harshen. Abokin takararsa shi ne Dokta Sylvester Ugoh, wanda ya riƙe bankin Biyafara lokacin yaƙin basasa, ya kuma yi minista a gwamnatin Shagari. Gwamnan Kano na lokacin, Kabiru Ibrahim Gaya, ɗan NRC ne, ko da yake rikicin cikin gida na SDP ne ya ba shi kujerar a Disamba 1991.

Bisa ga yadda aka saba, ai magana ta ƙare: ɗan gida, da gwamnan jiha a bayansa, yana karawa da Bayaraben Abeokuta. Amma Abiola ya daɗe yana shuka a Arewa. Attajiri ne mai kyauta ga masallatai da makarantu, yana cikin shugabannin Majalisar Ƙoli ta Harkokin Musulunci, kamfaninsa na Concord kuma yana buga jarida da Hausa, sunanta Amana. Ya zo da taken ban kwana da talauci a lokacin da talaucin ya kai ga wuya, gama dala ɗaya da ba ta kai naira ɗaya ba a 1985 ta haura naira 20 a 1993, takin zamani kuwa ya zama sai mai uwa a gindin murhu. Duk da haka akwai abin da kyauta ba ta saye. Shi da Tofa duka tsofaffin 'yan NPN ne, jam'iyyar da talakan Kano ya ƙi a 1979. Kafin magadan NEPU da PRP su dangwala wa irin wannan mutum, tilas sai wani ya tsaya masa. A cikin jiha su Rimi suka tsaya. A ƙasa baki ɗaya, wanda aka sa ya tsaya shi ne Ambasada Babagana Kingibe.

Kingibe mutumin Barno ne, an haife shi a 1945, ya yi jakadan Nijeriya a Girka da Pakistan, sa'an nan ya zama shugaban SDP na ƙasa a 1990. (Abin lura ne cewa mutum uku da wannan labari ya rataya a wuyansu ta ɓangaren Arewa, watau Kingibe da Tofa da Janar Sani Abacha, duk asalinsu Barebari ne, biyu daga ciki kuma haifaffun Kano.) A taron Jos shi ne ya zo na biyu, da ƙyar Abiola ya tsere masa, bayan Atiku Abubakar ya janye. Mutanen 'Yar'aduwa sun sa rai Atiku za a ba mataimaki, amma gwamnonin SDP suka matsa sai Kingibe, Abiola kuwa ya bi su, ko da yake hakan ya sa Musulmi biyu suka hau doki ɗaya.

Nan ne tambaya ta fari take. Mutumin da a watan Maris yake gaya wa wakilai shi ya fi Abiola cancanta, yaya zai bi gari gari a watan Mayu yana cewa ba kamar Abiola? Ƙarya ya yi da fari, ko kuwa daga baya? Ni ban ga ƙarya a nan ba. Tarihinmu ya san mubaya'a bayan jayayya. Da Shehu Usmanu ya rasu a 1817 aka naɗa Muhammadu Bello, an sami tsamin dangantaka tsakaninsa da baffansa Malam Abdullahi na Gwandu, har sai bayan yaƙin Kalambaina Abdullahi ya yi masa mubaya'a, ba wanda kuwa ya taɓa ganin wannan a matsayin aibi. Sai dai mubaya'ar da ta biyo bayan jayayya ta fi kowace nauyi, domin mai yin ta ya san wanda yake miƙa wa hannu, ba zai ce an rufe shi ba.

Tsayuwar Kingibe kusa da Abiola, ko bai buɗe baki ba, tana faɗa wa mai ƙuri'a a Arewa abu uku. Na ɗaya, wannan baƙo ba maƙiyinku ba ne, ni na san shi. Na biyu, ƙuri'arku ba za ta tafi a banza ba. Na uku, inda ya shiga zan shiga, in kun neme shi kun rasa, ku neme ni. Manomin Makoɗa bai ga muhawarar da aka yi a talabijin ba; ta rediyo da bakin shugaban jam'iyya na mazaɓarsa maganar ta iso masa, a tsakar kasuwa ko a ƙofar masallaci. Amma ya gane ta sarai, domin irinta yake ji kullum a bakin dillali.

Ran Asabar 12 ga Yuni aka yi zaɓen, bai cika mako biyu da Babbar Salla ba, damina kuma tana kamawa. Kwana biyu kafin nan, da dare, wata kotu a Abuja ƙarƙashin Mai Shari'a Bassey Ikpeme ta ba da umurnin kada a yi shi, bisa ƙarar ƙungiyar Arthur Nzeribe, hukumar Farfesa Humphrey Nwosu kuwa ta ƙi bi. Alƙaluman da aka buga sun ba Abiola da Kingibe ƙuri'a 169,619 a Jihar Kano, Tofa da Ugoh 154,809. Aka ka da ɗan gida a gidansa da ratar 14,810. Jihar Kano ba a cin ta da birni kaɗai, don haka wannan hukunci da hannun karkara a ciki. Amma mai karatu ya dubi jimillar. Ko an haɗa da ta Jigawa, ba ta kai rabin ta 1979 ba. Shekara da shekaru ana ɗaga ranar miƙa mulki, an jera mutane ƙato bayan ƙato an soke, an sake jerawa an sake sokewa, har yawancin jama'a suka ga shuka ta fi musu layin zaɓe. Waɗanda suka ajiye fartanya suka fito a ran nan su ne 'yan ragowar da ke da sauran yarda, kuma su ne aka fi cuta.

A ƙasa duka Abiola ya haura miliyan 8, Tofa bai kai miliyan 6 ba. Aka tsai da sanarwa ana tsakiyar yi, ran 23 ga Yuni aka soke zaɓen. Babangida ya sauka ran 26 ga Agusta ya bar gwamnatin riƙon ƙwarya a hannun Cif Ernest Shonekan, shugabannin SDP ɗin kansu kuwa suka amince da ita. Ran 17 ga Nuwamba Janar Abacha ya karɓe mulki, ya rushe jam'iyyu da majalisu da duk wani zaɓaɓɓe. Da aka karanta sunayen ministocinsa, sai ga Babagana Kingibe, Ministan Harkokin Waje. Kamar dai kujerar nan tana da wani sirri da abokan takara: Ishaya Audu ma ita ya hau a 1979 ƙarƙashin Shagari, bisa yarjejeniyar NPN da NPP, da yarjejeniyar ta watse a 1981 bai sauka ba. Wanda ya gaji Kingibe a kanta a 1995 kuwa shi ne Tom Ikimi, tsohon shugaban NRC.

Adalci ya wajabta a faɗi hujjar masu kare shi, kuma hujja ce mai ƙarfi. Abiola da kansa ya fita ƙasar a watan Agusta, a lokacin da ake tsakiyar rikici, bai komo ba sai a Satumba. Bayan juyin mulkin da 'yan kwanaki ya ziyarci Abacha, hoton ganawar kuwa ya bazu cikin jaridu. Da yawa cikin mutanensa sun ɗauka Abacha ya zo ne ya share fage ya miƙa wa mai shi. Ba Kingibe kaɗai ya shiga ba: Lateef Jakande ya shiga, da Ebenezer Babatope, da Olu Onagoruwa, da Solomon Lar, da Iyorchia Ayu, har da Rimi, wanda aka ba sadarwa. In mai kaya da kansa ya je ya gai da wanda ya ƙwace kayan, da wane baki za a zargi dillali don ya bi sahu? Saboda haka shigar Nuwamba 1993, ita kaɗai, ba ta isa a yanke hukunci da ita ba.

Malaman Malikiyya sun kasa lamuni kashi uku, kuma rabon nasu yana da amfani a nan. Akwai lamunin dukiya, inda mai lamuni zai biya in wanda ake bi ya kasa. Akwai lamunin fuska, inda aikinsa shi ne ya kawo mutumin gaban mai bin bashi. Akwai kuma lamunin nema, mafi sauƙi duka, inda ba a ɗora masa biya ko kawowa ba, sai dai ya tashi ya nemi mutumin iyakar ƙoƙarinsa, in ya yi sakaci kuwa laifi ya hau kansa. Ba mai hankalin da zai ɗora wa Kingibe na farko, domin ba shi da ikon biyan mutanen Kano shugabancin da soja suka riƙe. Na biyu ma ya fi ƙarfinsa, wanda ba shi da bindiga ba ya fid da mutum daga hannun mai bindiga. Amma na ukun yana wuyansa, gama shi ne mafi ƙarancin abin da tsayuwarsa kusa da Abiola ke nufi.

Ranar gwajin wannan lamuni ta zo a Yuni 1994. Ran 11 ga wata Abiola ya shelanta kansa shugaban ƙasa a Epetedo cikin Ikko, ran 23 aka kama shi, aka tuhume shi da cin amanar ƙasa. Daga ran nan zaton cewa Abacha zai miƙa masa mulki ya mutu, hujjar Nuwamba kuma ta mutu tare da shi. Kingibe ya ci gaba da zama Ministan Harkokin Waje har farkon 1995, watau shi ne bakin gwamnatin a gaban duniya alhali abokin takararsa yana tsare. Da aka yi garambawul aka sallami waɗansu, shi aka mai da shi Harkokin Cikin Gida, daga baya Wutar Lantarki da Ƙarafa. Yana cikin gwamnati aka harbe Kudirat, matar Abiola, a Ikko ran 4 ga Yuni 1996. Abacha ya rasu ran 8 ga Yuni 1998, Abiola ya bi shi ran 7 ga Yuli, yana tsare. A cikin wannan shekara ta 1998, Ekwueme, wanda ya riga ya sha ɗauri bayan juyin mulkin 1983 har kwamitin bincike ya wanke shi, shi ya jagoranci mutum 34 da suka rubuta wa Abacha kada ya yi tazarce. Rimi, wanda ya bar gwamnatin tun 1995, an tsare shi tare da Sule Lamiɗo saboda wannan adawa. Ashe hanyar komowa ba ta toshe ba ga wanda ya so.

Hukuncina ke nan, mai karatu kuwa yana da nasa. Malamai sun bambanta ƙarya cikin zance da saɓa alkawari da cin amana, ba su mai da su abu guda ba. Ta fuskar zance, abin da tsayuwar Kingibe ta shaida wa Arewa game da Abiola lokacin yawon lacca bai zama ƙarya ba. Maganar cewa ƙuri'a ba za ta tafi a banza ba, waɗansu ne suka karya ta, ba shi ba. Ta ukun ce, wadda cika ta ke hannunsa shi kaɗai, ta faɗi. Wahalar da ke cikin auna gaskiyar ɗan takara ke nan: a ranar da mai ƙuri'a ke bukatar ya san ta, ba ta riga ta faru ba.

Saura tambaya ɗaya wadda ta fi shafar ƙasar da muka fara da ita. Lamuni ba ya tashi sai mai bin bashi ya zo nema, to, me ya hana mutanen Dambatta da Bichi da Dawakin Tofa zuwa? Zanga-zangar Yuli 1993 a Ikko da garuruwan Yarbawa aka yi ta, karkarar Kano ba ta motsa ba. Waɗansu sun fassara wannan da cewa Arewa ta janye da ta ga abin ya zama na ƙabila, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin cikin 'yan makonni maganar ta tashi daga ta talaka da soja ta koma ta Kudu da Arewa, har baƙi suka riƙa kwashe iyalansu daga Sabon Gari don tsoron yaƙi. Amma akwai dalili mafi kusa da ƙasa. Manomi ba shi da jarida, ba shi da ƙungiyar lauyoyi, ba shi da ƙungiyar ƙwadago. Hanyarsa guda ce zuwa ga manya, watau shugaban jam'iyya na mazaɓa, daga shi sai na ƙaramar hukuma, har a kai ga su Rimi. Wannan tsani ne aka sare a Nuwamba 1993, jam'iyyar aka rushe, na saman tsanin kuma suka zama ministoci. Watan Yuli kuwa watan noma ne, tsohon hatsi ya ƙare a rumbu, sabo bai nuna ba, mai gida ba ya barin gona ya tafi birni neman haƙƙin da bai san ƙofar da zai buga ba.

Kingibe ya komo ya zama Sakataren Gwamnatin Tarayya daga 2007 zuwa 2008, zamanin Umaru Musa 'Yar'aduwa. A Yuni 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya mai da 12 ga Yuni Ranar Dimokuraɗiyya, ya ba Abiola lambar GCFR, wadda aka saba ba shugabannin ƙasa, iyalinsa suka karɓa a madadinsa, ya kuma ba Kingibe GCON, wadda aka saba ba mataimakansu, shi ya karɓa da hannunsa. Bashir Tofa ya rasu a Kano ran 3 ga Janairu 2022. A Fabrairu 2025 Babangida ya fito da littafin tarihin rayuwarsa, ya amsa a ciki cewa Abiola ne ya ci zaɓen. Hukumar da ta ƙirga ƙuri'un nan na Kano, 169,619 da 154,809, an rushe ta tun 1993 ba ta kai ga shelanta wanda ya ci ba.